Gaban Sifikar Hagu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da aikin asibiti. Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ki, ƙafar tata ce dai har yanzu, in gari ya yi sanyi sai ta ce kamar aro ta yi. Ta ce in tuna miki kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka nisan gari ba hujja ba ne, ki riƙa leƙo mu.

Albishir biyu na kawo miki. Na farko, matata tana da ciki, har ya fara fitowa. Ke ce ungozomar dangi, ki shirya shan tambaya. Na biyu kuwa sai kin zauna kafin ki karanta. Mawaƙanmu Baƙin Hadari sun dawo! Su huɗun duka, har Kyaftin da aka ce ya ajiye waƙa. Za su zaga gari-gari, kuma sun ɗauke ni aikin haɗa wayoyi da sifikoki. Ni dai, Zomonki mai fankama-fankaman kunnuwa, wanda kika ja hannunsa zuwa kallonsu lokacin da nake zaune a gidanku ina koyon aikin lantarki. Ranar da Mai Ganga ya miƙo min hannu muka gaisa, sai da na kasa cin abinci.

Kin san me? 'Yan Gaban Hagu suna nan, ba su mutu ba. Sababbin yara ne, amma dokar tana nan yadda kika kafa ta: a tsaya gaban sifikar hagu, kafaɗa a jingine da ita, ba mai toshe kunne, ba mai ja da baya sai an tashi. Har yanzu ƙarar nan da ke bin mutum gida a cikin kunne tsaraba suke ce mata, kuma har yanzu washegari ana gasar wanda tasa ta fi daɗewa. Da na gaya musu 'yar'uwata ce ta ƙirƙiro sunan, ba ki ga yadda suka zagaye ni ba. Wata yarinya ta ce don Allah in kawo ki ta ga fuskarki.

Ni kuwa na kafa tarihin da ba mai karyawa. Tsarabata tun gwajin farko da muka yi ba ta tafi ba, ga shi wata ya kusa zagayowa. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Ke ma a zamaninki ba ki kai nan ba, ki amsa kawai.

Wasan buɗewa a nan garinmu za a yi. Na riga na ce a ajiye miki wurinki. Ki nemi hutu, ki bar wa maigida yara, ki zo mu tsaya kamar da. Kada ki kira ni, wayata ta lalace, muryar mutum sai ta riƙa fitowa kamar daga cikin rijiya. Ki rubuto kawai, wasiƙa ta fi daɗin ajiyewa.

Ƙaninki,
Zomo

*

Zomo,

Na ga saƙonka, na kuma yi murna da labarin cikin matarka. Allah ya raba lafiya. Ka ce mata ta rage tsayuwa mai tsawo, ta riƙa zuwa awo. Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce na karɓi faɗan, ina da laifi. Mu ma lafiya, sai ƙaramin da haƙori ya dame shi.

Ba zan zo ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka fara kumbura.

Ka san ɗan ƙahon ƙarfen nan da muke ɗorawa a kan cikin mace mu saurari bugun zuciyar ɗan da ke ciki. Tun da na fara aiki da kunnen hagu nake saurare. Kwanakin baya wata yarinya mai cikin fari ta hau gadon awo, na ɗora ƙaho, ban ji komai ba sai wani siririn fito. Na matsar, na sake matsarwa, shiru. Fuskata ta riga ta yi magana. Yarinyar ta kama min hannu ta ce, "Anti, ya mutu ne? Ki gaya min gaskiya." Na kira abokiyar aikina. Tana ɗora kunne ta ce, "Haba, ga shi nan yana bugawa ƙalau." Yarinyar ta fashe da kuka, ni kuma na fita na jingina da bangon baranda.

Fiton nan da na ji nawa ne. Ya daɗe yana zuwa yana tafiya, ina yi masa kallon tsohon aboki.

Na je sashen kunne. Akwai wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, za a rufe ka, a sa maka abin saurare a kunne, a ba ka maɓalli ka danna duk lokacin da ka ji ƙara. A dama na yi ta dannawa. A hagu na zauna ina jiran a fara, ashe an fara tuni. Likitan ya duba takardar ya ce, "Sista, a wace masana'anta kika taɓa aiki?" Kunya ta kama ni. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage shi za a tsare.

Da na koma gida na ɗauko faifansu na sa, a hankali, yadda ban taɓa sa shi ba. Zomo, waƙar nan da muke kuka in an fara ta, ashe labarin mutumin da mota ta tafi ta bari ne, layi uku ana ta maimaitawa. Ba ta da laifi, tana da ɗan daɗi ma. Amma abin da muke ji a ƙirji ba ya cikinta, a cikin sifika yake. Na yi dariya ni kaɗai, daga baya na yi kuka, don na so mutanen nan fiye da yadda na so wasu 'yan'uwana. Hotonsu da ke manne a cikin ƙofar kabad na cire, na naɗe shi, ban yaga ba.

Tawa tsarabar tana zuwa tana tafiya ta yi min wannan ɓarnar. Taka ka ce ba ta tafiya ko kaɗan, kuma alfahari kake yi. Wallahi wannan layin ya tsorata ni. Ka je a gwada ka kafin ku fara zagayen. Wannan kaɗai nake roƙo.

Yayarka

*

Yaya,

Muna lafiya. Matata ta gode da shawara. Inna ta ce Allah ya yi albarka.

Na karanta har ƙarshe, sau biyu ma, kuma na gane. Ba sai kin kawo ƙaho da likita da ɗaki mai kaurin bango ba. Da kin ce, "Zomo, na girma, maigidana ba ya son hayaniya, ƙawayena na asibiti za su yi min dariya," da na karɓa. Tun ranar da mutumin nan ya ce kiɗan Baƙin Hadari kamar ana sauke kwanon rufi daga mota na san za a zo nan. Ya yi haƙuri ya jira, ga shi ya ci.

Layi uku ana maimaitawa! Ke ce da bakinki? Wa ya suma a gaban dandamali muka yi ta fifita? Wa ya kori yarinyar nan mai tabarau don an ga auduga a kunnenta? Waƙar da kika yi mata ma har yau yara suna rerawa: "Mai auduga, koma baya!" Yanzu kin zama babbar mai auduga, har kina neman mabiya.

Kunnenki kuwa shekaru ne, Yaya, ki karɓa. Kowa in ya manyanta wani abu sai ya rage. Ni nawa garau suke. Ki tambayi mai haɗa sauti, daga bayan zaure nake gane sifikar da ta fara ɓaci. Matsalata ɗaya mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Matata ma ciki ya sa ta koyi magana a maƙoshi, sai ta gama gunaguninta ta ce na yi kunnen uwar shegu da ita. Maƙwabcinmu kuma ya fara buga bango wai rediyona ta cika ƙara, mutumin da injin niƙansa ya hana unguwa sakat.

Wurinki na ba yarinyar da ta so ganinki. Na ce mata ba ki da lafiya, don ban iya faɗa mata gaskiya ba. Hoton da kika naɗe ki aiko min, kada ya sha ƙura a inda ba a son sa.

Zomo

*

Ƙanena,

Ina fatan kuna lafiya. Ƙaramin haƙori ya fito, mun samu barci. Maigidan yana gaishe ka, bai san ka ɗora masa laifi ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Ba zan biye maka ba. Ka ce shekaru ne, ka ce aure ne, ka ce na hura hanci, duk na ji. Amma jiya na kira matarka, mun daɗe muna magana. Wayarka lafiyarta ƙalau, Zomo. Ita take amfani da ita yanzu, da ita ma ta amsa min. Na tambaye ta dalili ta ce kai ka ba ta, wai ta lalace.

Ta gaya min butar shayi tana fito har ruwa ya ƙone kana zaune a gefenta. Ta ce mai kawo ruwa ya gaji da danna ƙararrawa, yanzu ƙofa yake duka da ƙafa. Wanda ya fi tayar min da hankali, ran nan jiri ya ɗebe ta a banɗaki, ta zauna a ƙasa tana kiranka, kana ɗaki ƙofa a buɗe kana gyaran fanka, ba ka ko waiwayo ba. Da rarrafe ta fito. Ba ta faɗa maka ba don ta ɗauka fushi kake yi da ita, ta yi ta neman laifin da ta yi maka. Mace mai tsohon ciki ke nan fa.

Bari in gaya maka abin da likita ya gaya min, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ba gaba ɗaya ji yake ɗaukewa ba. Kaurarar ƙara tana nan, shi ya sa kake jin ganga da sifika kana ganin garau kake. Siraran ne suke fara tafiya: tsuntsaye, ƙararrawa, muryar mata. Kukan jariri ma a cikinsu yake. Ni kullum ina jin kukan farko, na san inda yake zaune a kunne. Ina tsoron ɗanka zai zo ya tarar ka riga ka ba da wurinsa.

Ga toshiyar kunne ta roba nan guda biyu a cikin ambulan. In ba za ka bar aikin ba, ka sa. Ba wanda zai gani. Hoton kuma ba zan aiko ba.

Yayarka da ta kai ka wurin

*

Zomo,

Shiru ya yi yawa. Ban san ko wasiƙata ta same ka ba, ko ta same ka ka jefar. Matarka ta ce kun tafi zagaye, kuma ba ta san garin da kuke ba sai in ka aiko saƙo a rubuce. Ta ce ɗan ya juya, kai ya sauka, saura ƙiris. Ƙanwarta ta dawo gidan da zama don kada abu ya taso ba kowa.

Gwaggo ta kira ni tana tambaya ko mun yi faɗa. Na ce a'a. Na ba direban motar kayanku wannan takardar ta hannun matarka. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko zagi ne, in dai san kana karantawa.

Yaya

*

Yaya,

Na same su duka biyun. Lafiyata ƙalau, in ban da abin da kika sani. Ki yafe min shirun. Ta farkon na karanta ina huci, na cusa ambulan ɗin a jakar kayan aiki ƙarƙashin filaya, na ce ba ni ba ke.

Abin da ya faru ke nan. A gari na baya, da yamma kafin a buɗe ƙofa, mai haɗa sauti ya aike ni ɗakin bayan dandamali in karɓo makirufo. Ban taɓa shiga ana shiri ba, mu 'yan wayoyi a waje muke. Na tarar an hargitsa ɗakin, an zazzage jakunkuna, Mai Jita yana leƙen ƙarƙashin kujera. Kyaftin yana tsaye a tsakiya yana faɗa da ƙarfi, shi ya sa na ji shi sarai: "Wa ya ɗauki toshiyata? Ni fa ba zan hau ba sai da ita. A mayar wa mutane tikitinsu!"

Na ɗauka wata na'ura ce. Sai na ga Mai Ganga ya zaro wani ɗan akwati daga aljihu, ya buɗe, ya murza abu biyu a kunnuwansa yana cewa, "Ni dai tawa ga ta, ba na ba da aro." Mai Jita ma da tasa a rataye a wuya. Yaya, dukkansu.

Ban san lokacin da na buɗe jakata na miƙa wa Kyaftin taki ba. Ya jujjuya ta ya ce, "Ta kasuwa ce, amma ta fi babu. Na gode, Injiniya." Na ce, "Oga, tun yaushe kuke sawa?" Ya dube ni kamar na tambaye shi tun yaushe yake sa takalmi. Ya ce, "Tun ranar farko mana. Kai ba ka sawa? So kake ka kurumce?" Na ce to 'yan gaban hagu fa? Mai Ganga ya yi dariya ya ce, "Bayin Allah nan? Mun sha cewa a sa musu shinge, sai su tsallake. Akwai wata doguwa a da, ita ce shugabarsu, in na hango ta sai in ce wannan ko tana da iyaye?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da mugaye ne da na samu wanda zan tsana. Mutane ne masu sana'a, sun san kayan aikinsu, sun kare kansu. Mu ne muka ƙirƙiro wa kanmu doka, ba wanda ya nema.

Da aka fara wasa na tsaya a baya ina kallon bakin Kyaftin. Kalmomin ba sa iso ni, sai dukan ganga a ciki. Na hango yarinyar da na ba wurinki, ta biyo mu har nan, ta manna kai da sifika, ido a rufe. Na sayo auduga a kantin magani na ƙetaren titi, na kutsa har gaba ina miƙa musu. Kin san abin da suka rera min. Ban ji kalmomin ba, amma na gane tafin, ke kika tsara shi. Yarinyar ma tana ciki.

Washegari na naɗe wayoyinsu tsaf, na miƙa wa mai haɗa sauti, na hau mota. Ba wanda ya riƙe ni. Kyaftin ya ce in gaida gida.

Na shiga ɗan ɗakin naki mai kaurin bango. Ni a duka biyun na yi zaman jira, hagu ya fi muni. Likitar ta rubuta min bayaninta a takarda da ta ga ina ta cewa "Na'am?" Za a gwada min na'urar ji, ta ce za ta taimaka, amma kada in sa rai da yawa. Na ba matata haƙuri kan maganar banɗaki. Ta ce ya wuce, sai da ta maimaita.

Na koma shagon lantarki. Ki gaida maigidan, ki ce na janye laifin da na ɗora masa.

Ƙaninki

*

Yaya,

An sauka lafiya jiya da hantsi. Namiji ne. Uwar tana lafiya, ta ɗan sha wuya amma ta ci abinci ta yi barci. Inna ta manta da ciwon ƙafa, da gudu ta shigo asibitin, ɗankwali a hannu.

Ina zaune a benci a bakin ɗakin haihuwa tare da ƙanwar matata. Sai na ga ta zabura ta miƙe, ta ɗaga hannu sama, matan da ke wurin duk sun juya wajen ƙofa suna murmushi. Ni ma na miƙe na yi murmushi. Daga fuskokinsu na san an haife shi.

Da aka shigar da ni, nas ta ɗora min shi a hannu. Ya yi jawur, ya dunƙule hannu, baki a wangame, haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka a tafina. Inna tana dariya tana toshe kunne ɗaya da yatsa, na karanta a bakinta tana cewa wannan murya sai ka ce ta ubansa. Matata ta yi min alama in kawo kunnen dama. Na sunkuya har leɓensa ya taɓa ni.

Na ji wani abu siriri, can nesa. Amma irinsa nake ji tun kafin in shigo ɗakin, irinsa nake ji yanzu da nake rubuta miki, ga shi kuwa yaron yana barci. Matata ta ce, "Ka ji shi?" Ta buɗe baki sosai don in gane. Na ce na ji. Ta yi murna ƙwarai, har ta share hawaye.

Ke kaɗai nake gaya wa: ban sani ba. Ban san ko shi na ji ba, ko nawa.

Ki nemi hutu ki zo, don Allah. Ba sai kin kawo komai ba. Ki zauna kusa da ni kawai, in ya fara kuka ki matsa min hannu, in ya yi shiru ki saki. Wataƙila in muka yi ta yi, zan koyi bambanta su.

Ƙaninki,
Zomo